Tumakin Tallafi a Gonar Manu

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ranar da aka ce masu tallafi za su zo ganin tumakina, kwashe su na yi kaf na kai bakin rijiya na yi musu wanka da sabulu. Na goge ƙahon raguna da man gyaɗa, na ɗaura wa uwar garke jan ƙyalle a wuya, ni kuma na zura rigar da nake zuwa Idi da ita. Baƙi suka sauko daga mota, muka gaisa, suka ratsa ta tsakiyar tumakin ba wanda ya ko waiwaye su, suka je inda garken ya kwana suka tsuguna suna tona kashi da tsinke. Wata malama a cikinsu har da murtsuke shi a tafin hannu tana sansanawa. Ga shi kuma tun da safe na share rabin wurin don kada baƙi su ga ƙazanta. Da ta tambayi ina sauran, sai na ce iska ce.

Sunana Bawa, sana'ata kwantar da tumaki a gonakin mutane. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya tallabe shi. Abin da ya sa na zauna rubutun nan, samari ne da ke tare ni a tashar Maiyama suna cewa, "Baba Bawa, a sa mu cikin harkar tallahin ga mana. Ai ba wani aiki ba na, tunkiya ta ci ta yi kashi, kai ka amshi rabonka." To ku matso ku ji, sannan wanda ya ga zai iya ya zo ya ɗauki sanda.

Aikin farko da aka ba ni a duniya saran ƙaya ne. Ubana ya ga in na yi huɗa takan fito kamar sawun maciji, ya ce wannan ba manomi ba ne, ya miƙa ni ga wani Bafillace mai suna Bappa Sambo da ke sauka da garkensa a gonakinmu duk bayan kaka. Bappa ya ba ni gatari ya nuna mini farar ƙaya da magarya, ya ce in yo shinge. Na yo shinge mai faɗi kamar filin Idi, ina jiran yabo. Ya bar tumaki suka kwana ciki. Da safe ya kama kunnena ya zaga da ni. Duk garken sun taru a kusurwa guda sun jibge kashin a nan, sauran filin fes kamar an share. Ya ce in aka shuka wannan wuri, dawa za ta yi tsiri wuri guda kamar gemun bunsuru, mai gona kuma ya bi mu da zagi har Jega. Shinge in ya yi faɗi taki ba ya raba kansa, in ya matse manya su tattake ƙanana. Gindin reshe ciki yake kallo, kan ƙaya waje. Ba a kuma barin garke ya daɗe wuri ɗaya, don fitsarin tunkiya in ya yi yawa ƙone ƙasa yake yi. In ka shiga shinge wari ya sa maka hawaye, to ka makara da matsawa gaba.

Abin da ya fi ba ni wuya in koya shi ne tsayuwar safe. Tunkiya in ta tashi daga kwance, nan take takan sauke abin da ke cikinta. Don haka sai ka shiga ka tashe su duka, har malalaciyar da ke bayan 'yan'uwa, ka bar su tsaye, ƙofa a rufe, suna kuka suna turereniya, kai kuma sanyi na cin ƙafarka. Wanda ya yi gaggawar buɗe ƙofa, takin mai gona a kan hanya zai zube, ya yi wa burtali hidima kyauta. Na sha sandar Bappa a kan wannan har gadon bayana ya haddace kafin kaina.

Sannan inda suka yi kiwo da rana shi suke kawowa gona. Ka kai su gindin gawo da kalgo, su kawo maka irin itace mai amfani. Ka bar su cikin saurar da mugun haki ya cinye, su kawo wa mai gona masifar da zai yi shekaru yana nome ta. Kayan aikin duka ba su fi a rataya a kafaɗa ɗaya ba, sanda, gatari, gora, igiya, ƙullin kanwa, da 'yar wuƙar gyaran kofato. Sauran kayan a hanci suke da tafin ƙafa.

Wani mai albasa a Aliero ya taɓa sa ni tankaɗe kashin tumaki da rariya, kamar mai shirin tuwon biki. Masu albasa haka suke. Busasshe suke so, mai laushi, na zuba wa fangalin iri, kuma sai sun gama kushe shi sannan su saya. Manoman gero da dawa sun fi daɗin sha'ani. Su damman hatsi suke bayarwa da kaka, su aiko maka da tuwo kullum kana gonarsu. Daga kwanon tuwon kake gane ranar da aka gaji da kai. In miya ta fara zama ruwa, ka fara neman gona ta gaba.

Muguwar shekarata a ƙauyen Kashin Zama ta same ni. Na riga na zama mai garken kaina, ko da yake yawancin tumakin na matan gari ne da suka ba ni kiwo. Aka yi wani ruwa na bayan girbi, dawa ta sake tsiro daga kututture, gyauro ya yi kore shar. Na san gyauron dawa dafi ne ga dabba, amma na tsaya cinikin goro da wani mai keke, garke ya faɗa ciki. Kafin in gama taunar ɓarin farko ciki ya fara kumbura musu kamar ganga. Na yanka waɗanda na cim ma, mahauta suka zo suka yi mini ta'aziyya da wuƙaƙe a hannu. Na bi gida-gida ina mayar wa mata fata da igiya. Ban gama farfaɗowa ba takin zamani ya wadata, manoma suka ce me za a yi da Bawa da tuwonsa, ga buhu ba ya cin abinci. Na koma kasuwar Jega ina ja wa mahauta raguna. Shekaru suka tafi, buhu ya yi tsada, ƙasa ta gaji, gonaki da yawa suka zama fako, wanda in ruwa ya sauka a kansa gudu yake kamar an kore shi.

A nan masu tallafi suka shigo. Malamar nan mai sansanar kashi sunanta Hauwa, ita ce mai kula da aikin a yankinmu. Ta ce ƙungiyarsu za ta ƙara mini tumaki, ta ba ni ragar ƙarfe mai ƙafafu maimakon ƙaya, da tankin ruwa, da dusa ta rani. Ni kuma in kwantar da garke a matattun gonaki har su tashi. Na ce mata wannan ai shi nake yi tun ba a haife ta ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo, amma ko na taɓa haƙa rami mai siffar jinjirin wata a fako don ya tare ruwa? Na ce ban taɓa ba, kuma ba zai yi ba. Ya yi. Sharaɗinsu ɗaya ne, a fara da gonar da ta fi kowace mutuwa, kuma ta talaka ce, mai ci daga cikinta.

Aka tara mutane a ƙofar mai gari a Gumbin Kure. Malama Hauwa ta tambaya, "Wace gona ce ta fi lalacewa a garin nan?"

Wuri ya ɗauki dariya, baki ya zo ɗaya. "Ta Manu."

Manu taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yawo ba wando ban taɓa gaya masa magana miƙaƙƙiya ba, shi ma haka. In na ce masa ina kwana, sai ya ce da ban gan ka ba da na kwana lafiya. Gonarsa kuwa fako ce mai sheƙi kamar ƙoƙon kan tsoho, sai wata 'yar kusurwa ta gangare inda yake samun maiwa da wake, matarsa ta sa rama da yakuwa a gefe. Abin da ke fitowa ba ya kai su wata damina, amma shi ne abin da gidan ke da shi, babu wani.

Malama ta juya wajensa. "Baba, gonar taka ce?"

Manu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Shi muka sani cikinta tun shina saurayi."

Ba ƙarya mai gari ya yi ba. Sai dai duk wanda ke zaune a wurin, har da ni, ya san gonar aro ce. Ta gidan Alhaji Ladan ce, wani attajirin albasa a Jega. Uban Alhajin ne ya ara wa Manu ita don ba ta da amfanin komai, duk kaka Manu kan kai dami guda gidan don a san ba a manta da mai ita ba. Amma a wurinmu ba a tsayar da dattijo gaban baƙuwa, gaban 'ya'yansa da surukansa, a ce ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Rufin asiri muka yi masa. Kuma ko yaro ya san ba a cika wa gonar aro taki, don ranar da ta yi kyau ranar mai ita ke tunawa da ita. Na san wannan sarai. Na ce a raina mutumin da ke da rumbunan albasa da manyan motoci me zai yi da fako. Gaskiyar magana kuma, na ƙagu in nuna wa garin da ya yar da ni saboda buhu abin da na iya.

Da aka watse Manu ya ja ni gefe. "Bawa, kak ka kawo tumakin ga gonata."

"Tsoro kaka ji su hi ka aiki?"

"Da gaske nika yi."

"Ranar da ka yi magana da gaske, rannan za a busa ƙaho. Tahi ka share man wurin kwana."

"Bawa, kashe ni za ka yi."

"Da na huta."

Na tafi ina dariya, ina cewa yau na ci taubashi.

Aikin da na yi a gonar nan ban taɓa yin irinsa ba, ko a gaban Bappa. Na fara daga tudu, inda ta fi tauri, don in ruwa ya zo ya gangaro da daɗin ƙasa. Aka haƙa ramukan Malama, muka watsa kara da ɓuntu a kan fakon don kofato ya tattake su cikin ƙasa, gara ta zo ta huda ta. Da rana in kora garke gindin gawo, da yamma in dawo da su cikin raga. Ragar nan kuwa, Allah ya yi wa wanda ya ƙago ta albarka, abin da nake wuni ina yi da gatari yanzu kafin shayi ya huce na matsar da ita.

Wata safiya na dawo daga shayar da su na tarar an share makwancin jiya tas. Washegari ma haka. Na laɓe bayan tanki, sai ga Manu da tsintsiya da buhu, yana tattara kashin yana ɗora wa jakin wani mai albasa, kyauta.

Na fito na ce, "Ɓarawon kashi. Duk sata ta ƙare sai wagga?"

Ya ce, "Ka bar man gonata yadda ka ishe ta."

Na ɗauka sabon salon tsokana ne, don haka na rama irin ta taubasai. Duk inda ya share, sai in mayar da garke su sake kwana a wurin. Ya share, in maimaita. Fitsari kuwa ba ya sharuwa. Da haka gonar Manu ta sami ninkin abin da aka tsara mata. Ya ce mini akwai aljanu a tsamiyar gefen gonar, ba su son kukan dabba. Na ce su zo mu gaisa, ai dangin ubansa ne. Ya buɗe raga da hantsi, tumaki suka bi uwar garke suka dawo da kansu. Na ba da labarin a majalisa aka yi ta dariya, shi ma yana zaune yana murmushi, don taubashi ba ya fushi a gaban mutane.

Damina ta sauka. Ruwan da ya saba gudu ya tsaya cikin ramuka ya nutse. Manu ya shuka, don ba yadda zai yi, idon gari na kansa. Gero ya fito baƙi ƙirin don ƙoshi, ya wuce kan mutum, wake ya rufe ƙasa, 'yan gawo suka tsiro nan da can. Masu wucewa a kan babur suna tsayawa kallo. Masu tallafi suka zo da manyansu, aka kafa allo a bakin hanya, aka tsayar da ni da Manu aka ɗauki hoto. Na ga hoton daga baya. Ni haƙora waje, shi kamar wanda aka kira gaban alƙali.

Gero na gab da isa yanka sai ga mota ta tsaya a bakin gonar. Alhaji Ladan ya fito, mutum mai fara'a, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya ba mu goro, ya shiga cikin geron har ya ɓace, ya fito da zangarniya a hannu yana auna nauyinta.

"Manu, sannu da riƙon amana. Haka aka so in an ba mutum abu."

"Allah shi ƙara girma, Alhaji."

"Wallahi direbana ya ce man in zo in gani, na ce ƙarya ta. Bawa, hannunka na da albarka."

Na ce, "Sai godiya, Alhaji." Har da gyara tsayuwa.

Ya murza zangarniyar. "Yaran ga nawa sun taso, zaman banza ya yi musu yawa. In ka kwashe amfaninka, Manu, kada ka rage ko tsinke, naka na. Baɗi sai su zo su gwada. Akwai wata can kan tudu, ta hanyar Aliero, ita ma ba ta da mai duba ta. Ka shiga, ba sai ka tambaye ni ba."

Manu ya durƙusa ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah shi bar zumunci."

Aro aro ne, ko ya shekara nawa. Motar ta tashi, na jefa goron Alhaji a baki.

Da labari ya kai wa Malama Hauwa, a kasuwar Maiyama ta same ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, ai na tambaya. A gaban kowa na tambaya."

Na ce, "Shi ne fa, ɗiyata. A gaban kowa."

Ta je Jega wajen Alhaji. Ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, ya yaba wa ƙungiyarsu, ya ce in suna neman wasu matattun gonaki yana da su da dama, duk da talakawa a ciki. Ta dawo. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayar mai gona a taro ba, cikin gida take shiga ta tambayi matarsa.

To samari, kun ji sana'ar da kuke cewa ba aiki ba ce. Shinge za ku koya, tsayuwar safe za ku koya, gyauro zai koya muku da kansa. Amma kafin ku kafa ƙafar raga ɗaya, ku san wa ke da ƙasar, ku san kuma abin da ya bar mai nomanta a cikinta. Wani talakan, mutuwar gonar ce ke riƙe da shi a cikinta. Za ku tambaya ko na ƙara taka tsohuwar gonar Manu. Na taka. Da rani Alhaji ya aiko in kwantar wa 'ya'yansa da garke, na je, tuwon gidansu har da nama. Tumaki ba su san aro ba, cikina ma bai sani ba.

Daga can ne wata rana na biyo da garke ta hanyar Aliero, na hangi Manu a sabuwar gonarsa yana saran tsakuwa da fartanya. Fakon ya fi na da muni, ko tsamiya babu. Geron da ya kwashe a waccan gonar ya riƙe gidansa shekara guda cur, karo na farko kuma na ƙarshe. Na tsaya a bakin iyaka, tumaki suka fara bazuwa suna sansanar ƙasa. Na ɗaga murya na ce, "Tsohon banza, duwatsu kaka nomawa yanzu? Ka roƙe ni in taimake ka."

Na jira zagi, bai zo ba. Ya jingina fartanya, ya tako har inda nake, ya ba ni hannu muka gaisa kamar baƙi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi tumakin, ya ce:

"Malam Bawa, don Allah bi da su da sauri, kada wata ta yi man alheri."